Zaman nutsuwa irin na mabiya Buddha: yadda ake yin sa a gida da kuma a kurkuku

A watan Afrilun 1994 aka kafa wata katafariyar rumfa a cikin gidan yarin Tihar da ke birnin Delhi na Indiya, fursunoni kimanin dubu ɗaya suka shiga suka yi zaman nutsuwa na kwana goma irin wanda ake kira Vipassana, ba hira ba sigari. Wanda ya jagorance su shi ne S.N. Goenka, tsohon ɗan kasuwa haifaffen Mandalay ta ƙasar Bama (Myanmar a yau), wanda ya yi shekara 14 yana koyo a wajen malaminsa U Ba Khin kafin ya koma Indiya a 1969. Wadda ta buɗe masa ƙofa kuwa ita ce Kiran Bedi, mace ta farko da ta shiga sahun manyan jami'an 'yan sandan Indiya, wadda aka danƙa wa gidan yarin a 1993. Tun a daren farko hadari ya taso da iska mai ƙarfi, ya lalata rumfar ya jiƙa shimfiɗu. Aka gyara, aka ci gaba. Ba ma a nan aka fara ba, domin tun 1975 Goenka ya yi irin wannan zama da fursunoni a babban gidan yarin Jaipur.

Dalilin da ya sa abin ke shiga kurkuku cikin sauƙi shi ne ba ya bukatar kaya. Gandiroba zai iya ƙwace littafi, ya ƙwace waya, amma numfashin mutum da jikinsa suna tare da shi duk inda aka kulle shi, kuma da su kaɗai ake aikin.

Tushen koyarwar yana cikin wani misali da Buddha ya ba almajiransa. Ya ce mutumin da bai horar da zuciyarsa ba, idan ciwo ya same shi, kamar wanda aka harba da kibiya ne, sannan aka ƙara masa ta biyu. Ta farko ita ce ciwon kansa: zagin da aka yi maka, hukuncin da alƙali ya yanke, ciwon baya. Ta biyu ita ce abin da zuciya ke ɗorawa a kai, wato saƙe-saƙe, ƙullata, "me ya sa sai ni", da shirin ramuwa. Ta farko ba a hannunka take ba. Duk matakan da ke tafe horo ne na gane lokacin da hannunka ya kai ga ta biyu.

Akwai maganar da ya kamata a faɗa a fili tun yanzu. Wannan hanya daga addinin Buddha ta fito. Goenka ya sha nanata cewa ba ya neman kowa ya sauya addini, kuma a zaman Tihar akwai 'yan Hindu da Musulmi da Sikh da Kirista. To amma dokar zaman kwana goma a cibiyoyinsa ta nemi ɗalibi ya jingine duk wata ibada, har da addu'a da azumi da jan carbi, sai an gama, kuma ana buɗe zaman da wasu kalmomin neman mafaka na al'adar Buddha. Ga wanda salla biyar ke kansa wannan ba ƙaramar magana ba ce, sai ya tambayi malaminsa da masu shirya zaman kafin ya cike takarda. Abin da ke ƙasa bayani ne na yadda masu wannan hanya ke yi a kullum. Kowa ya san iyakar da zai tsaya.

Mataki na farko: a fara gyara hali

Mutane da yawa sukan tsallake wannan su zarce ga rufe ido, daga baya su ce abin bai yi musu aiki ba. Mabiya Buddha suna farawa da alkawura biyar: ba kashe rai, ba ɗaukar abin da ba a ba ka ba, ba lalata, ba ƙarya, ba kayan maye. Hikimar a sarari take. Wanda ya yi ƙarya da rana, in ya zauna da dare zuciyarsa tana can tana ƙulla yadda zai kare ƙaryar, ina za ta samu sukunin lura da numfashi?

Kada ka ɗauki biyar ɗin gaba ɗaya kamar mai rantsuwa. Duba wanda ka fi karyawa, ka sa masa ido na mako guda. Ga yawancin mutane na huɗu ne, kuma a koyarwar ya wuce ƙarya kaɗai: ya haɗa da annamimanci, baƙar magana, da surutun banza. A ɗakin da mutum talatin ke kwana, "wane ya ce ka ce" ya fi komai haddasa dambe. A ofis da gidan haya ma haka.

Mataki na biyu: lokaci, wuri da zama

Zaɓi lokaci ɗaya da ba ya sauyawa. Sassafe ya fi, kafin hayaniya ta tashi kuma kafin hannu ya kai ga waya. Fara da minti 10. In ya zauna maka na mako biyu, ka kai shi 20. Tsofaffin ɗaliban Goenka ana umartar su da awa ɗaya safe, awa ɗaya yamma, amma wanda ya fara da wannan shi kaɗai a gida, da wuya ya kai Juma'a.

Ka naɗe bargo ko ka sa matashi a ƙarƙashinka yadda ƙugu zai ɗan fi gwiwa tudu, ka tankwashe ƙafa. Mai ciwon gwiwa ya zauna a kujera ko bakin gado, tafin ƙafa a ƙasa. Babu wata falala a wahalar da gwiwa. Gadon baya a miƙe ba tare da sanƙarewa ba, hannuwa a kan cinya, baki a rufe. Ido a rufe, sai dai in wurin ba na sakin jiki ba ne. A kurkuku sau da yawa ba na sakin jiki ba ne, don haka fursuna ya jingina bayansa kusa da bango, ya bar ido a ɗan buɗe yana kallon ƙasa kamar taku biyu a gabansa.

Mataki na uku: lura da numfashi

Wannan shi ake kira anapana, kuma shi ne ginshiƙin komai. Ka kai hankalinka kafofin hanci da ɗan filin da ke tsakanin hanci da leɓen sama. Iska na shiga, ka san tana shiga. Tana fita, ka san tana fita. Kada ka ja ta da ƙarfi, kada ka daidaita ta, kada ka haɗa da wata kalma a zuci. In gajere ne numfashin, gajere ne. In ta kafa ɗaya yake bi, ka san haka kawai.

Abin da zai faru shi ne, kafin numfashi na biyar ka tsinci kanka a kasuwa, ko a kotu kana maimaita abin da ya kamata ka faɗa wa alƙali. Wataƙila sai bayan minti uku za ka farga. To wannan fargar ita ce aikin. Ka dawo hanci ba tare da tsaki ba, ba tare da "ni ban iya ba". Sau ɗari ta gudu, sau ɗari ka dawo da ita. Wanda ya ji haushin kansa don hankalinsa ya tafi, ya harba kibiya ta biyu ke nan tun yana kan tabarma.

In hankali ya ƙi tsayawa sam, akwai dabaru biyu. Ka ɗan ƙarfafa numfashi sau biyar ko shida har ka ji taɓawarsa sosai, sannan ka sake shi. Ko kuma ka ƙirga, kamar yadda wasu makarantun ke koyarwa: kowace fita ɗaya, har goma, ka koma ɗaya. In ka ɓace a bakwai, koma ɗaya. Da zuciya ta lafa sai ka ajiye ƙirgen.

Bayan wasu makonni za ka fara jin abubuwan da da ba ka ji: iskar da ke shiga ta fi mai fita sanyi, ɗan ƙaiƙayi a gefen hanci, ɗan bugawa a leɓe. Alama ce hankali ya fara kaifi.

Mataki na huɗu: bin jiki

Nan ne Vipassana ta ainihi, wato lura da abin da ake ji a jiki yadda yake. A cibiyoyin Goenka ba a koyar da ita sai rana ta huɗu, bayan an shafe kwana uku a kan numfashi kaɗai, kuma su a ganinsu a gaban malami ya kamata a koye ta. Suna da hujja, domin abin da ke tasowa yakan yi nauyi. Ga dai siffarta.

Ka ɗauke hankali daga hanci ka kai shi tsakar ka. Ka tsaya ka ji abin da ke wurin: zafi, sanyi, nauyi, tsami, zufa, taɓawar hula, ko me. Da ka ji, ka matsa: goshi, fuska, wuya, kafaɗar dama har yatsu, ta hagu, ƙirji, ciki, baya, ƙafafu har ɗan yatsan ƙarshe. Sannan ka juyo sama. Inda ba ka ji komai ba, ka dakata kamar minti ɗaya, ka wuce. Kada ka tsallake gaɓa, kada ka ƙirƙiro abin da babu.

Doka ɗaya ce ke riƙe da wannan mataki: mai daɗi kada ka riƙe shi, marar daɗi kada ka kore shi. Ɗauki misalin ƙaiƙayi a kunci. Hannu zai so tashi nan take. Ka bar shi a cinya, ka duba ƙaiƙayin: ina ya fara, ina ya tsaya, yana ƙaruwa ne ko raguwa? Zai yi tsanani har ka ji kamar ba za ka iya ba, sai kuma ya dusashe da kansa ba wanda ya sosa. Wannan ɗan ƙaramin abu shi ne darasin da suke kira anicca, wato duk abin da ya taso wucewa zai yi. Jin sa a wa'azi daban, ganin sa a fatar jikinka daban. Kuma wanda ya ga ƙaiƙayi ya mutu da kansa sau da yawa, ranar da ƙishirwar sigari ko ta ƙwaya ta taso masa, ya san ita ma tana da farko tana da ƙarshe.

A kula: zogi mai kaifi a gwiwa ko ƙafar da ta sage ba jarrabawa ba ce. Ka gyara zama a hankali, kana sane.

Mataki na biyar: fitar da shi daga kan tabarma

Zaman safe atisaye ne kawai. Wurin aikin shi ne layin karɓar abinci, lokacin da wani ya bangaje ka ya kuma bi ka da harara. Ko lokacin da maigida ya yarfa ka a gaban yaran shago.

Fushi yakan fara bayyana a jiki kafin ya kai baki. Numfashi ya sauya, ƙirji ya ɗau zafi, muƙamuƙi ya ɗaure, hannu ya dunƙule. Wanda ya saba bin jikinsa yakan ji waɗannan da wuri, kuma wannan 'yar tazarar ita ce ribar duk zaman da ya yi. Abin yi a lokacin guda uku ne, a jere. Ka kame bakinka da hannunka. Ka kai hankali hanci na numfashi uku. Sannan ka duba inda wutar take a jiki, ka bar tunanin mutumin da abin da ya faɗa, domin tuna maganar shi ke ƙara mata itace. Bayan haka in akwai abin faɗa, ka faɗa. Wannan ba ya nufin ka zama wanda kowa ke takawa. Mai haƙƙi ya nemi haƙƙinsa, ya kai ƙara, ya ce a'a da babbar murya in ta kama. Bambancin shi ne kai ka zaɓi abin da ka yi.

Da farko sai bayan ka gama zazzaga masifa za ka tuna. Daga baya ka tuna a tsakiya. Wata rana ka tuna kafin ka buɗe baki. Haka abin yake tafiya ga kowa, kuma yakan ɗauki watanni.

Don hankali ya saba da dawowa, ka ɗaura shi a kan abubuwan da kake yi kullum: loma uku na farkon abinci ka ci su kana jin ɗanɗano da tauna, duk sanda za ka buɗe ƙofa, numfashi ɗaya. Fursuna yana da nasa: ƙarar makulli, lokacin ƙirge, tsayuwar layi.

Tafiya ma zama ce. Sufayen addinin Buddha na Tailan da Bama sukan ware ɗan fili mai taku 20 zuwa 30 su yi ta kai da kawo. A makarantar malami Mahasi Sayadaw ta Bama ana lura da ɗagawa, miƙawa, da saukewar kowace ƙafa. In ɗakin taku huɗu ne, huɗun sun isa: ka taka a hankali, ka tsaya a bango, ka juya kana sane, ka dawo. Ga mai gyangyaɗi da wanda zuciyarsa ke tafasa har ba ya iya zama, wannan ya fi.

Mataki na shida: fatan alheri da bitar dare

A ƙarshen kowane zama ka ware minti biyu ko uku ga abin da suke kira metta. A zuci kake cewa: in zauna lafiya, in rabu da ƙiyayya, in samu kwanciyar rai. Sannan ka yi wa wani irin wannan fatan. Jerin da malaman Theravada, wani reshe na addinin Buddha, suka gada daga malami Buddhaghosa, wanda ya yi rubutu a Siri Lanka a ƙarni na 5, yana farawa da kai kanka, sai wanda ya yi maka alheri, sai aboki, sai wanda ba ruwanka da shi, sai a ƙarshe abokin gaba. Kada ka yi gaggawar kaiwa na ƙarshen. Wanda ya fara da mutumin da ya yi masa shaidar zur, fushi kawai zai tayar. In ka kai kansa ka ji zuciya ta ƙi, koma baya.

Da dare kuma, kafin barci, ka bi ranar da tunani. Buddha ya hori ɗansa Rahula da ya duba kowane aiki kafin ya yi, yana cikin yi, da bayan ya yi: ya cutar da ni, ya cutar da wani? In ya cutar, a faɗa wa wani na kirki, a ƙudura ba za a sake ba. Minti biyar sun isa. Bita ce, kada ta koma zaman zagin kai.

Cikas biyar

Littattafansu sun lissafa abubuwa biyar da ke tare hanya: sha'awa, ƙiyayya, kasala da gyangyaɗi, rashin sukuni da damuwa, sai kokwanto. Maganin farko ga dukkansu shi ne ka gane wanda ya zo, ka ambace shi a zuci. Gyangyaɗi: buɗe ido, miƙe tsaye, wanke fuska. Rashin sukuni: ƙirga numfashi ko ka yi tafiya. Kokwanto ya fi su wayo, don da muryar hankali yake zuwa, yana cewa "wannan ɓata lokaci ne". Ka yanke wa kanka wa'adin wata guda, ka hana kanka yanke hukunci sai ya cika.

Abin da ya keɓanta da kurkuku

Hayaniya ba ta ƙarewa, don haka jiran shiru jiran banza ne. Ka mai da ƙarar abin lura: ta taso, ta wuce, ka koma hanci. Za a yi maka dariya, wani ma ya taɓa ka don ya gwada ka. Kada ka yi wa kowa wa'azi; in aka ga wata uku ba ka shiga rigima ba, masu tambaya za su zo da kansu. In kun kai biyu ko uku, ku riƙa zama tare a lokaci ɗaya, kuma ku sanar da jami'in da ke kula da sashenku tun farko don kada a ɗauka wani abu kuke ƙullawa. Goyon bayan hukuma ba tabbas gare shi ba. A gidan yarin Donaldson mai tsananin tsaro a jihar Alabama ta Amurka an fara zaman kwana goma a 2002 a ɗakin motsa jiki, ba a jima ba aka dakatar bayan ƙorafin cewa ana jan fursunoni zuwa wani addini, sai 2006 aka dawo da shi.

Abu mafi nauyi shi ne abin da ke fitowa idan an yi shiru: fuskar wanda aka cuta, 'ya'yan da aka bari, uwar da ta rasu ba a je jana'iza ba. Kada ka bi labarin, kada ka danne shi. Ka koma inda yake a jiki, maƙogwaro ko ƙirji, ka zauna da shi gwargwadon ƙarfinka. In ya fi ƙarfinka, buɗe ido, ji tafin ƙafarka a ƙasa, ka tashi.

Masu wannan aiki suna yawan kawo labarin Angulimala, ɗan fashin da ke rataye yatsun waɗanda ya kashe a wuya. Ya bi Buddha da gudu bai cim masa ba, ya daka masa tsawa ya ce ya tsaya. Buddha ya ce masa: ni na riga na tsaya, saura kai. Angulimala ya ajiye makami ya zama almajirin Buddha. Amma labarin bai ƙare da daɗi haka nan ba: da ya shiga gari bara, mutane suka jefe shi har suka fasa masa kai, Buddha ya ce ya jure, sakamakon aikinsa ne. Duk wanda zai fito daga kurkuku ya san cewa sauyin da ya yi a ciki ba zai goge abin da unguwa ta sani ba. Ƙungiyar da ke kai malaman Buddha gidajen yarin Birtaniya, wadda Ajahn Khemadhammo ya kafa a 1985, sunan wannan mutum ta ɗauka.

Game da ko abin na aiki: masu bincike na Jami'ar Washington sun bi fursunonin wani gidan yari a yankin Seattle, suka wallafa a 2006 cewa waɗanda suka yi zaman sun rage shan giya da ƙwayoyi bayan sakin su fiye da waɗanda ba su yi ba. Sai dai da kansu suka zaɓi shiga, kuma mai neman gyara dama ya fi saurin miƙa hannu, don haka a ɗauki sakamakon da taka-tsantsan. Kuma zaman nutsuwa ba ya maye gurbin likita. Mai fama da ciwon ƙwaƙwalwa, ko matsananciyar damuwa, ko firgicin wani tashin hankali da ya gani, ya tsaya a gajeren zama da tafiya, kada ya ajiye maganinsa, ya kuma shawarci mai duba shi kafin ya shiga dogon zama.

Wanda ya kai ga son zaman kwana goman, ga abin da zai tarar. Ƙararrawa ƙarfe 4 na asuba, zama daga 4:30, ana yi ana hutawa har 9 na dare, kimanin awa 10 a rana. Waya da littafi da alƙalami duk ana karɓewa a ƙofa. Maza daban, mata daban. Ba magana da sauran ɗalibai, ko da ishara, sai rana ta goma, amma ana iya yi wa malami tambaya. Abinci ba nama, babban cin ƙarshe ƙarfe 11 na safe, da yamma sabon ɗalibi ya samu shayi da 'ya'yan itace. Daga rana ta huɗu akwai zama uku a kullum na awa ɗaya da ake ƙoƙarin kada a motsa. Ba a biyan ko sisi. Gudummawa daga wanda ya riga ya kammala kaɗai ake karɓa. A takardar neman shiga ana tambayar lafiyar jiki da ta ƙwaƙwalwa da magungunan da mutum ke sha, kuma da amsar da ya bayar ake yanke ko za a karɓe shi a wannan karon ko a ce ya dakata.